Yadda ake zaɓen jak ga sintesaizar da aka haɗa a gida

Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, a wani ƙauye da ke kusa da Gujungu ta ƙasar Taura. Yawancin kayan da ake kawo mini na masallatai ne, da na masu tallan magani ranar Lahadi, da na masu hayar sifika a wajen biki. Sau da yawa a ce mini na'ura ta daina magana, in buɗe in tarar ba abin da ya ƙone, bakin da ake soka makirufo ne kawai ya saki ko ya yi tsatsa. Shi ya sa da na fara haɗa sintesaiza, wato na'urar kiɗa mai haifar da murya da wutar lantarki, da hannuna, abin da na fi daɗewa ina tunani a kansa shi ne jak, tun kafin in sayi rizisto ko guda.

Ga wanda bai san na'urar ba: fiyanon da mawaƙa ke aiki da shi a situdiyo an rufe komai nasa a ciki. Wannan kuwa an raba ta gida-gida, kowane gida ana ce masa mojul. Wani shi ke haifar da murya, wani ya tace ta, wani ya buɗe ta ya rufe, wani ya sa ta rawa. Kai ne za ka riƙa haɗa su da gajerun wayoyi, ka cire nan ka soka can. Bakin amfilifayar masallaci sau biyar ake taɓa shi a yini, in ma ana cirewa ke nan. Na sintesaiza kuwa a zama guda sai ka soka ka zare sau ɗari. Idan na ce jak a nan, macen nake nufi, wadda ake ɗaurewa a fuskar akwati. Namijin da ke bakin waya shi zan kira fulogi.

Mataki na farko, ɗauki takarda ka ƙirga. Rubuta kowane mojul da kake son yi da yawan mashiga da mafitarsa. Mai haifar da murya yakan ci shida: uku na shiga, uku na fita. Matacin murya huɗu, mai buɗewa da rufewa uku, mai haɗa muryoyi biyar, sauran ƙananan biyu-biyu. Ƙaramin akwati ma sai ka ga ka doshi talatin. Ƙara guda shida ko takwas a kai, don wani zai narke a hannunka, wani kuma daga kanti zai zo a mace.

Na biyu, ka san iyali uku ne ake zaɓa a cikinsu.

Akwai babban jak mai kaurin milimita 6.35, wanda ake cewa kwatan inci, irin na makirufo da jita. Asalinsa daga allunan haɗa wayar tarho ne tun ƙarni na 19, inda ma'aikata ke yini suna sokawa suna zarewa, wato tun farko don wahala aka yi shi. Shi Robert Moog ya sa a na'urorinsa da ya fara fitarwa a Amurka a 1964. Akwai ƙaramin jak mai milimita 3.5, irin na iyafis. Kamfanin Doepfer na Jamus ne ya kafa tsarin Eurorack a kansa a tsakiyar shekarun 1990, kuma yau shi ya fi yawa a duniya: tsayin fuskar mojul milimita 128.5, faɗinta ana auna shi da ma'aunin da suke kira HP, kowane ɗaya milimita 5.08. Sai na uku, banana, mai milimita 4, irin wanda wayoyin mitar awon wuta ke shiga da shi. Na'urorin Serge da shi suke aiki, na Buchla kuma da shi suke aika wutar sarrafawa, wato wadda wani mojul ke juya wani da ita.

Abin da ya kamata ya zauna maka a rai: da'irar da ke ciki ba ruwanta da girman jak. Zanen da aka yi wa Eurorack za ka iya haɗa shi ka sa masa babban jak, ya yi aiki daidai. Akwai ma tsarin da ake kira Kosmo, wanda wani maƙerin irin waɗannan na'urori a Ingila ya yaɗa, fuskarsa santimita 20, jak ɗinsa babba, wutarsa kuwa irin ta Eurorack ce, bolt 12 sama da bolt 12 ƙasa.

Na uku shi ne yanke shawara, kuma a nan zan faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Mu da ke ƙauye, babban jak ya fi mana. Dalilina na farko, tambayi kanka ina za ka samu madadinsa ran da ya lalace. Babban jak da fuloginsa duk inda ake gyaran amfilifaya akwai su, ko Ringim ko Gumel, balle in ka shiga Sabon Gari a Kano. Ƙaramin jak mai zare da noti, wanda ake ɗaurewa a fuska, irin wanda masu Eurorack ke kira Thonkiconn mai lamba PJ398SM, yawanci sai an yi odarsa ta intanet an jira. Wanda za ka ciro daga mataccen rediyo kuwa ba shi da zare, a kan bodi, wato allon da'ira, aka lika shi da dalma, kuma in ana yawan sokawa dalmar ce ke tsagewa. Dalili na biyu, babban jak buɗaɗɗe ne, kana ganin harshensa, wato ƙarfen da ke matse fulogi, da idonka, in ya saki ka lanƙwasa shi da filaya ya dawo. Na uku, fuloginsa ana kwance shi a sake lika waya, ƙaramin kuwa mafi yawansa an narka masa roba, in ya tsinke daga ciki sai jefarwa.

Babban jak yana da nasa aibin. Yana cin wuri: ni ina barin aƙalla milimita 22 daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi, don yatsa ya samu wurin kama fulogi, alhali ƙaramin milimita 12 ko 13 sun ishe shi. Akwatinka zai yi girma ya yi nauyi. Idan niyyarka wata rana ka sayi mojul na kamfani ka haɗa da naka, to ƙaramin za ka bi, ka haƙura da jiran oda.

Banana ina ganin girmansa. Waya ɗaya ce tak a ciki, ba harshen da zai saki, kuma duk sokawa yana goge kansa, ƙura ba ta cika damunsa ba. Ana soka wani a bayan wani, mafita ɗaya ta ciyar da mashiga uku. Sai dai ba ya ɗauke da giraun, wato wayar ƙasa da wuta ke komawa ta kanta, dole ka haɗa giraun ɗin duk mojul daga ciki, in akwati biyu ne kuma ka ja musu waya ta musamman a tsakani. Abin da ya hana ni shi daban ne: fulogin banana yana iya shiga ramin soket ɗin wuta irin mai karɓar ƙafa zagayayya, kuma shagona yara na shigowa.

Duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kansa a akwatin gaba ɗaya. Gauraya girma biyu yana jawo neman adafta, adafta kuwa wani wurin saki ne ka ƙara wa kanka.

Na huɗu, mono ko sitiriyo. Dubi fulogi. In baƙin layi ɗaya ne a jikinsa, kashi biyu ke nan: tsini da jiki. Tsini ke ɗaukar sigina, jiki shi ne giraun. Wannan shi ne mono, shi ake so. In layi biyu ne, an ƙara zobe a tsakiya, sitiriyo ke nan. Mai layi uku na iyafis ɗin waya ne mai makirufo, bar shi. Idan jak ɗin sitiriyo kaɗai ka samu a kasuwa, zai yi, amma kada ka ɗora komai a ƙafar zoben. Fulogin mono in ya shiga, jikinsa yana haɗe zoben da giraun, duk siginar da ka sa a wurin ta tafi ƙasa.

Na biyar shi ne maganar jak mai makunni, kuma nan ne aka fi ruɗewa. Wani jak ɗin mono za ka gan shi da ƙafa uku, ka ɗauka sitiriyo ne. Ba shi ba ne. Ƙafa ta ukun wani ɗan ƙarfe ce da ke jingine da harshen tsini muddin ba a soka komai ba. Da fulogi ya shiga sai ya ture harshen, su rabu. Irin dabarar da ke sa sifikar rediyo ta yi shiru da ka soka iyafis ke nan. Amfaninsa a sintesaiza babba ne. Kana iya haɗa mafitar mai haifar da murya zuwa wannan ƙafa a mashigar mataci, na'ura ta riƙa magana ko ba waya ko ɗaya a fuskarta, sai ran da ka soka wani abu ya karɓe wurin. Kana kuma iya haɗa ƙafar da giraun, don mashigar da ba a amfani da ita kada ta riƙa tsintar gunji.

Amma a yi hattara da abu biyu. Kada ka taɓa haɗa ƙafar makunni da giraun a jak ɗin mafita, don kana zare waya ka kulle mafitar da ƙasa ke nan. Na biyu kuma shi ne ƙura. Wurin da ƙarfen nan biyu ke jingine da juna ɗan ƙanƙani ne, fulogi ba ya goge shi, matsin harshen kaɗai ke riƙe da shi. Da hunturu ya kankama, ƙurar nan mai laushi kamar garin alkama sai ta shiga tsakani, damina ta zo ta jiƙa ta, ka wayi gari murya na yankewa ba ka san dalili ba. Shi ya sa, ko da yake ina sayen masu makunni duka don kaya su zama iri ɗaya, ba na ɗora muhimmiyar hanya a kan makunnin sai inda na san zan iya kai hannu in share. A ce uku ko huɗu a akwati, sauran ƙafafun in bar su haka nan.

Yadda za ka gane ƙafafun: sa mita a wurin da take ƙara in waya biyu sun haɗu. Ba tare da fulogi ba, ƙafa biyun da suka sa ta ƙara su ne tsini da makunni. Wadda ta rage ita ce giraun, za ka tabbatar in ka taɓa ta da bakin zaren, in na ƙarfe ne. Yanzu soka fulogin da ka kwance murfinsa. Wadda ta yi ƙara da tsinin fulogi ita ce tsini, wadda ta yi shiru ita ce makunni. Ɗiga mata jan fenti ko ka zana a takarda ka manna a bango. Kada ka dogara da zanen da ka gani na wani jak, kamfani-kamfani suna sauya wurin ƙafa.

Na shida, saye. Kada ka sayi talatin a tashi ɗaya. Na taɓa yin haka a wani shago a birni, suna ƙyalli a leda, na dawo gida na ɗaura su duka, kafin damina ta fita fiye da rabinsu sun yi ja da tsatsa, harsunansu sun kwanta. Kwana uku na yi ina kwancewa. Tun daga nan biyu ko uku nake fara saye, kuma ina tafiya kasuwa da abu uku a aljihu: fulogin da zan yi aiki da shi, mita, da maganaɗisun tsohuwar sifika.

Soka fulogin ka saurara. Mai kyau za ka ji ya ce ƙas, ya kama wuyan tsinin. Riƙe jak ɗin ka juya shi ƙasa ka girgiza, bai kamata fulogin ya motsa ba. Kai maganaɗisu kusa da harshen: in ya fizge shi da ƙarfi, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan ƙyalli, zai yi tsatsa. Masu kyau da dangin tagulla ake yin harshensu, maganaɗisu ba ya kama su, ko ya ɗan ja kaɗan saboda shafen da ke kai. Ɗaura notin ka kwance sau uku, in zaren ya fara cin kansa, ajiye. Ka tabbatar kowane jak ya zo da notinsa da washarsa, domin zaren wani kamfani ba ya shiga na wani.

In ka dawo gida sai babban gwaji. Soka ka zare sau ɗari, ka ƙirga da gaske. Sannan sa mita a mafi ƙanƙantar ma'aunin om, wato na auna yadda abu ke tare wuta. Fara haɗa wayoyin mitar da juna ka ga abin da take nunawa, yawanci tsakanin 0.2 da 0.5. Auna daga tsinin fulogi zuwa ƙafar tsini, kana juya fulogin kana karkaɗa shi. Lambar ta tsaya kusa da waccan. In tana tsalle, wannan iri bai ci jarrabawa ba. Zare fulogin ka auna tsini da makunni su ma. In kana da haƙuri, ajiye ɗaya kusa da randa mako guda ka ga launinsa. Sai wanda ya tsallake duk wannan za ka koma ka saya da yawa, a shago ɗaya, daga kwali ɗaya.

Na bakwai, fuskar akwati. Zaren ƙaramin jak gajere ne, fuskar da ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba za ta bar wa noti wurin kamawa ba. Fuskokin Eurorack yawanci alminiyom ne mai milimita 2. Katakon filawud ya yi masa kauri, ga kuma gara. Babban jak ya fi yafiya, amma shi ma auna tsawon zarensa kafin ka yanka komai. Ramin ƙarami milimita 6 ne, na babba wajen 9.5, sai dai ka fara hudawa a guntun da ba ka so ka gwada. Buga alamar tsakiya da ƙusa, fara da siririn bakin drila, sannan ka faɗaɗa. Goge kaifin bakin ramin. In jak ɗin buɗaɗɗe ne, juya shi yadda harshensa in ya buɗe ba zai taɓa maƙwabcinsa ba, kuma ka gwada hakan da fulogi a soke, don a lokacin ne harshen ke fitowa waje.

Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya taɓa tambayata: "Maigida, tunda fuskar ƙarfe ce kuma jikin jak na taɓa ta, me ya sa muke wahalar jan wayar giraun?" Na ce masa ya kwance noti ɗaya rabin juyi ya saurari sifika. Gunjin da ya ji ya ishe shi amsa. Noti yana saki, fenti yana tsare wuta, alminiyom kuma yana yin wata fata a kansa da ba ta wuce wuta sosai. Ja waya mai ɗan kauri ta bi ƙafar giraun ta kowane jak a mojul, ta koma giraun ɗin bodi.

Na takwas, lika dalma. Ɗaure jak a fuska tukuna, sannan ka lika, don kada ɗaurin noti ya murɗe abin da ka riga ka lika. Dalmar da muka saba da ita, mai kashi 60 da 40, tana narkewa ne wajen digiri 190, ayan, wato ƙarfen lika dalma, mai digiri 330 zuwa 350 ya isa, daƙiƙa biyu zuwa uku a kan ƙafa. Mu da wuta ba ta zama, wani lokaci a garwashi ake gasa ayan, shi kuwa ba ya da ma'auni. In haka ne, bari ya ɗan huce, gwada shi a kan guntun dalma, ta narke ba tare da hayaƙi ya turnuƙe ba. Dabarar da ta cece ni da yawa: soka fulogi a cikin jak kafin ka kai ayan. Yana shan zafin, kuma yana riƙe harshen a wurinsa ko robar ta yi laushi. Kankare ƙafar kaɗan, shafa mata dalma, shafa wa bakin wayar, sannan ka haɗa su.

Akwai rizisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, da ke tafiya tare da jak, kada a manta da shi. Duk lokacin da fulogi ke shiga, tsininsa yana goga bakin giraun kafin ya kai wurinsa, wato in ɗaya bakin wayar na soke a mafita, an kulle ta da ƙasa na ɗan lokaci. Wata rana kuma za ka yi kuskure ka haɗa mafita da mafita. Shi ya sa ake sa rizisto na 1k, wato om 1,000, a jere kafin kowace mafita, mashiga kuma a yi ta da 100k, wato om 100,000. Sai dai wannan yana cin kusan kashi 1 cikin 100 na wutar. Ga murya ba a ji. Ga wutar da ke saita tsayin murya kuwa ana ji, domin ƙa'idar ita ce bolt 1 ga kowane maɓalli 12 na fiyano, wato maɓalli ɗaya bolt 0.083 ne kacal. Rasa kashi 1 cikin 100 na bolt 5 ya kai bolt 0.05, ya fi rabin maɓalli. Don haka sai ka saita mojul da wayar a soke yadda za ka yi aiki da shi, kuma in kana raba wutar nan ga mashiga biyu ko uku, yi mata mojul mai rabawa da ke da nasa ƙarfin. Dattin da ya taru a harshen jak har ya kai 1k, irin wannan ɓarnar yake yi, ka ji waƙa ta karkace kana zargin da'ira.

Gargaɗi ga wanda ya bi shawarata ta babban jak. Wasu amfilifayoyin da irin wannan bakin suke fitar da wutar sifika. In wani ya ɗauko waya daga can ya soka a mojul, ya gama da shi. Kada kuma ka shigar da wutar batir ko ta sola ta jak ɗin sigina, ba ta wani baki daban da ba ya shiga ko'ina. Mafitar ƙarshe da ke zuwa amfilifaya ita ma ka ware ta a gefe da launi na daban, ka sa mata abin rage ƙara, domin siginar mojul tana kaiwa bolt 5 sama da 5 ƙasa, mashigar amfilifaya ta gida kuwa wajen bolt 0.3 take jira, ta makirufo ma ba ta kai haka ba ko kusa. Ni jan fenti nake zagaya wa mafita, fari ga mashiga, kuma duk mafita a layin ƙasa nake jera su don hannu ya saba ko da fitila ake aiki.

Saura kulawa. Tsayar da fuskar akwati a tsaye, kada ramuka su kalli sama su zama mazubin ƙura. In ka gama, lulluɓe da zane. Mai, ko na keken ɗinki ne, kada ya kusanci jak, ƙura yake tarawa. Kada a goge harshe da sanfefa, shafen kansa zai tafi. Kashe wuta, ɗiga sifirit a jikin fulogi, soka ka zare sau goma kana juyawa, goge fulogin da tsumma, bari ya bushe. Makunni kuwa, soka fulogi ya buɗe, sa guntun farar takarda da ka jiƙa da sifirit a tsakani, zare fulogin ya matse ta, sannan ka ja takardar a hankali. Baƙin da za ka gani a kanta shi ne abin da ke yanke maka murya.

Sai zanzaro. Ramin babban jak daidai yake da abin da yake nema, in ka bar akwati mako biyu a ɗaki sai ka tarar ya toshe biyu ko uku da laka. Kada ka tura fulogi da ƙarfi, lakar za ta shige ciki ta lanƙwasa harshe. Kwance jak ɗin, ture ta daga baya da tsinken tsintsiya. Ramukan da ba na yawan amfani da su, tsofaffin fulogin da ba waya nake soka musu, ban da masu makunnin da na haɗa wa hanya, su guntun karan dawa nake feƙewa in toshe bakinsu kaɗan yadda ba zai kai ga harshen ba.